Nana Asma'u: Alƙalami a Hannun Mace

An haifi Nana Asma'u a Degel wajen 1793. Mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta ne, kusa da Galmi a jihar Tawa ta yau. Ta tashi a gidan da ake koya wa mata riƙon alƙalami kamar maza, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta naɗa malamai mata, masu laƙabin jaji, su kai waƙoƙinta ga matan karkara. Ta rasu a Sakkwato a 1864. Ayyukanta sun iso gare mu ta hannun masu kwafa da tawada. Yau kuwa, masu iya karanta irin wannan ajami sai raguwa suke yi.