Tarihin Magabata: Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga da Kafuwar Barikin Zinder

Yaranmu da yawa sun yi karatu a lisen Amadu Kuran Daga da ke Zinder, amma in ka tambaye su wane ne mai wannan suna sai su yi shiru. Ba laifinsu ba ne. Mu kanmu da muka zauna bencin lakwal, tarihin Kazamaju aka fi koya mana, shi kuwa sarkin layi biyu aka ba shi, a matsayin wanda ya ci amanar baƙo. Shi ya sa muka ga ya kamata a wannan fitowa mu kawo muku labarinsa.

Amadu ɗan Sarki Tanimun ne, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a cikin gari, ya mai da Damagaram ƙasar da ake jin tsoro tun daga Damargu har Gumel. Tanimun ya rasu a 1884, ɗansa Sulaiman ɗan Aisa ya zama sarki a cikin wannan shekara. Amadu ya hau gadon a 1893.

A lura da wannan shekara, don a cikinta ne Rabe ya ci Borno, ya rushe Kukawa, daga baya ya zauna Dikwa. Sarakunan Damagaram tun asali Borno suke bi, ko da yake a zamanin Tanimun biyayyar ta zama ta baki kawai. To, ga shi uban gidan ya faɗi, wanda ya kada shi kuwa yana da bindigogi, kuma yana kallon yamma. A kudu ga Sarkin Kano Alu. Amadu bai jira a zo masa ba. Ya kai yaƙi ƙasar Kano, dawakinsa suka isa har Gezawa, kusa da birnin. Sunan da aka laƙaba masa, a fagen daga ya same shi.

Ana cikin wannan hali, a watan Afrilu na 1898, sai ga wani kaftin na Faransa mai suna Kazamaju ya sauka Zinder da tafintansa Olib da ƴan sojoji baƙar fata. Daga Sayi ya taso, kuma wurin Rabe ya nufa don su ƙulla magana. Sarki ya sauke shi, ya yi masa abin da ake yi wa baƙo. Ran 5 ga Mayu aka kashe Kazamaju da Olib.

A nan ne ake gardama, mu ma mun sha yin ta da abokan aiki. Kashe baƙo ba abin yabo ba ne a addini ko a al'ada, ba kuwa za mu wanke shi ba. Amma sai mutum ya sa kansa a zauren fada a wannan rana. Ga Nasara da bindigogi zai wuce wurin babban abokin gabarka, in sun haɗa kai, a kanka za su fara. Ga fataken Arewa masu zuwa daga Tarabulus, waɗanda suka san abin da ya sami Aljeriya da Tunus, suna faɗa maka abin da ke biyo bayan irin wannan baƙo. A ganinmu tsoro ne ya yi aiki, tsoron kuma yana da dalili.

Abin da sarki ba shi da labari shi ne, kwana 40 bayan wannan kisa, ran 14 ga Yuni 1898, Faransa da Ingila suka sa hannu a Paris kan takardar rabon ƙasa. Zinder ta faɗa rabon Faransi, Kano da Katsina da Sakkwato suka faɗa na Ingilishi. Ko an kashe Kazamaju ko an raka shi da goma ta arziki, an riga an gama da Damagaram a kan tebur. Kisan ya ba su hujja ne kawai.

Shekara na kewayowa sai ga rundunar Vule da Shanuwan daga yamma, wadda ta ƙona garuruwa, ta yi ɓarnar da har yau ba a manta ba a Birnin Ƙonni. Gwamnatinsu ta aiko Kanal Kulob ya tsai da su, suka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli 1899, su ma sojojinsu suka kashe su a wajen Maijirgi. Sauran hafsoshi, Paliye da Jowalan da Meniye, suka ci gaba da tafiya. Amadu ya fito ya tare su a Tirmini a ƙarshen watan. Doki da mashi da bindigar gargajiya ba su iya da bindiga mai harsashi ba. Ran 30 ga Yuli Nasara suka shiga Birni. Sarki ya janye cikin ƙauyuka da sauran mutanensa, aka bi sawunsa, aka kashe shi a Rumji cikin watan Satumba. Shekara 6 ya yi a kan gado.

Daga nan barikin ya soma. Suka naɗa ɗan uwansa Amadu ɗan Basa, suka kafa sansanin soja a kan duwatsu, suka sa masa sunan Kazamaju. Bayan mulkin kai ne aka mai da shi sunan Tanimun. Da farko ba wani abin kirki ba ne, ɗakunan ƙasa ne da ƴan sojoji. A watan Oktoba Jowalan ya wuce Cadi, a Nuwamba Furo da Lami suka iso ta hamada, su ma suka wuce, har aka kashe Rabe da Lami rana ɗaya a Kusiri cikin Afrilu 1900. Amma hatsi da raƙuma da masu ɗaukar kaya na duk wannan tafiya, daga ƙauyuka irin namu aka karɓe su. Lanho da aikin tilas suka biyo baya. Sannu a hankali unguwar Nasara ta tashi tsakanin Birni da Zango.

Iyakar 1898 ta bar wa Faransi hanya marar rijiyoyi tsakanin Kwara da Zinder, sai da suka nemi Ingilishi aka gyara ta a 1904 da 1906. Ita ce iyakar da kuke ƙetarewa ta Magarya ko ta Matamai in za ku cin rani. A 1906 ɗin aka zargi Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, aka tuɓe shi, aka kai shi Kodebuwa, aka ɗora Ballama, bawan fada, ya riƙe gari. Sarautar ba ta koma gidanta ba sai 1923, da naɗin Barma Mustafa. Zinder ta zama babban birnin ƙasa a 1911.

Abokin karawarsa ma bai tsira ba. Sojojin Lugga sun ci Kano a Fabrairu 1903, aka kama Alu, aka tsare shi a Lakwaja. Can ya rasu a 1926, shekarar da gwamna ya kwashe ofisoshinsa daga Zinder ya koma Yamai.