Sebastian Ferranti: Matashin Da Ya Yi Wa Wutar Lantarki Linzami A Birnin Landan

A wannan makon filin namu na tarihin fitattun mutane zai leƙa birnin Landan na ƙasar Ingila, domin mu kawo wa mai karatu tarihin wani injiniya da da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa kullum muna cin moriyar aikinsa. Duk wanda ya taɓa ganin wayoyi sun haɗu a gidansa, fiyus ya ƙone, wuta ta ɗauke, amma gida da mutanen cikinsa suka tsira, to ya ga irin abin da wannan mutum ya ɓata shekaru yana fafutika a kansa. Sunansa Sebastian Ziani de Ferranti.

An haifi Ferranti a birnin Libaful ranar 9 ga watan Afrilu na shekarar 1864. Mahaifinsa mai ɗaukar hoto ne wanda asalin zuriyarsu daga Italiya take, mahaifiyarsa kuma gwanar kaɗa fiyano ce. Ya yi karatu a unguwar Hampstead ta Landan, daga nan ya wuce kwalejin St. Augustine da ke Ramsgate, inda tun yana ɗan makaranta hankalinsa ya karkata ga injuna da lantarki. Bai yi dogon karatun jami'a ba. A shekarar 1881, yana ɗan shekara 17, ya kama aiki a kamfanin Siemens da ke Charlton a kudancin Landan, kuma shekara guda bayan haka ya fito da wani janareta na ƙirarsa, wanda aka haɗa sunansa da na shahararren masanin kimiyyar nan William Thomson, wato Lord Kelvin, saboda dabarar tasu ta zo ɗaya.

A wancan zamani wutar lantarki sabon abu ce, kuma masana sun rabu gida biyu a kanta. Thomas Edison na Amurka da magoya bayansa sun tsaya a kan wuta mai tafiya hanya guda, mai ƙarancin ƙarfi, irin wadda batir ke bayarwa. Ko a Landan ma kamfaninsa ya buɗe tasha a Holborn Viaduct a 1882. Matsalar irin wannan wuta ita ce ba ta nisa, tana raunana a cikin waya, don haka sai kowace unguwa ta mallaki tata ƙaramar tashar. Shi kuwa Ferranti yana tare da masu ra'ayin wuta mai kai-da-komo, wadda taransifoma ke iya ɗaga ƙarfinta a tura ta nesa ba tare da asara mai yawa ba, in ta isa unguwa a sake sauke ta daidai da bukatar gidaje. Sai dai fa wuta mai ƙarfi irin wannan ba ta barin wanda ya taɓa ta, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

A watan Janairun 1886 aka naɗa shi babban injiniya na tashar Grosvenor Gallery da ke titin New Bond, yana da shekara 21 kacal. Asalin wurin gidan baje kolin zane-zane ne na wani attajiri mai suna Sir Coutts Lindsay, wanda ya sa janareta don haska ɗakunansa, sai maƙwabta suka yi ta roƙon a ja musu, har abin ya fi ƙarfin injunan. Ferranti ya sauya tsarin baki ɗaya, ya sa injuna da taransifomomi na ƙirarsa, wayoyi suka riƙa bi ta saman rufin gidaje da ƙarfin bolt 2,400. Ganin ciniki ya kankama, sai masu kuɗin suka kafa kamfanin London Electric Supply Corporation a 1887, suka amince da shawararsa ta gina ƙatuwar tasha a Deptford, a bakin kogin Tems, inda fili ke da araha, ga ruwan sanyaya injuna, ga kuma jiragen ruwa masu kawo kwal. Daga can za a turo wuta zuwa tsakiyar birni, tafiyar kimanin mil 7, da ƙarfin bolt 10,000, abin da ba a taɓa yi ba a harkar raba wuta ga jama'a. Edison da kansa ya ziyarci wurin a 1889, bai kuma ɓoye rashin amincewarsa da wuta mai ƙarfi haka ba.

Babbar tambayar da hukuma da jama'a suka riƙa yi ita ce, me zai faru ranar da wani lebura mai haƙa ya sari wannan waya da diga? Amsar da Ferranti ya bayar ita ce ta sa muka zaɓo shi a yau. Bai yi alkawarin cewa ba za a taɓa samun matsala ba. Abin da ya yi shi ne ya tsara wa matsalar hanyar da za ta bi idan ta zo. Da yake babu kamfanin da ke yin wayar da ta gamsar da shi, sai ya ƙera tasa: bututun jan ƙarfe a ciki, a naɗe shi da takarda da aka jiƙa da wani irin kaki da ake haƙowa daga ƙasa, sannan a zura shi cikin wani bututun jan ƙarfen mafi faɗi, a sake naɗewa, a rufe da bututun baƙin ƙarfe. Ana yin su ne guntu-guntu masu tsawon ƙafa 20, a harhaɗa su, aka kuma bi da su ta gefen layukan dogo zuwa cikin gari.

Hikimar tana ga bututun jan ƙarfen nan na waje, wanda ya haɗa shi da ƙasa. Duk ƙarfen da zai huda wayar, dole ya fara ratsa na wajen kafin ya taɓa na cikin mai ɗauke da wuta. Da zarar ya taɓa, wutar ta samu gajeriyar hanya mai sauƙi, sai ta kwarara ta nan da yawan gaske maimakon ta bi jikin mutum, wannan kwarara kuwa ita za ta narkar da fiyus a tasha, wuta ta yanke nan take. Hukumar gidan waya ta nuna adawa da haɗa wayar da ƙasa, don tsoron kada ta dagula layukan tangaraho, hukumar ciniki kuma tana shakkar lafiyar jama'a. Don a kawar da shakka sai aka shirya gwaji a gaban shaidu. Wani mataimakinsa mai suna Harold Kolle ya riƙe kurfin ƙarfe da hannunsa, ba tare da wata roba ba, ya ɗora bakinsa a kan wayar alhali wuta na cikinta, wani kuma ya ɗaga guduma ya maka. Kurfin ya shige, fiyus ya narke, wuta ta ɗauke, Kolle ya tashi lafiya lau.

Ya kamata mu faɗi gaskiya cewa ba Ferranti ne ya ƙago fiyus ba. Tun a 1847 wani Bafaranshe mai suna Breguet ya ba da shawarar a riƙa sa siririyar waya a layukan tangaraho don ta narke idan aradu ta faɗa, Edison ma ya yi rajistar nasa fiyus ɗin a 1890. Gudunmawar Ferranti ita ce nuna cewa idan aka haɗa fiyus da wayar ƙasa a tsari guda, ana iya shigo da wuta mai kisa cikin birni a zauna da ita lafiya.

Amma duk da haka tsautsayi bai ƙyale shi ba. Tun a 1889 binciken da gwamnati ta sa Manjo Marindin ya yi ya rage wa kamfanin yankin da zai riƙa bai wa wuta, aka raba sauran ga abokan hamayya. Sai kuma a watan Nuwamban 1890 gobara ta tashi a Grosvenor, wadda a lokacin aka mayar tashar rarraba wutar Deptford. Wani ma'aikaci ne ya yi jinkiri wajen haɗa makunni, harshen wuta ya tsallaka tsakanin ƙarafan biyu, wurin ya kama. An gyara cikin gaggawa, taransifoma ta sake ƙonewa, aka rufe na kusan wata uku, masu sayen wuta da yawa suka koma wasu kamfanoni. A farkon 1891 wutar bolt 10,000 ta fara isowa birni yadda ya tsara, amma masu hannun jari sun riga sun gaji da zuba kuɗi, kuma a cikin wannan shekara ya bar kamfanin yana ɗan shekara 27.

Wannan gobara ta nuna wani giɓi da gwajin kurfi bai rufe ba. A wuta mai ƙarfi, ko waya ta narke ko an buɗe makunni, wutar kan iya tsallake ratar ta ci gaba da ci a iska. Cikin shekarun da suka biyo baya Ferranti ya duƙufa a kan wannan. Ya ƙera fiyus mai sifirin wanda da zarar wayar ta narke zai fizge bakunan biyu ya dulmiya su cikin mai, man ya kashe harshen wutar. Ya yi makunnai masu yanke wuta a cikin mai, ya kuma riƙa keɓe kowane layi a akwatinsa da allunan dutse a tsakani, don kada gobarar ɗaya ta kama na kusa. A 1896 ya mayar da masana'antarsa Hollinwood kusa da Manchesta, inda ta shahara wajen ƙera mitoci da taransifomomi.

Daga baya duniya ta dawo kan ra'ayinsa. Ya shugabanci ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Birtaniya a 1910 da 1911, ta ba shi lambar girma ta Faraday a 1924, aka kuma zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society a 1927. Dokar 1926 ta kafa tsarin haɗa manyan tashoshin ƙasar da layukan bolt 132,000, irin abin da ya daɗe yana kira a yi. Ya rasu a birnin Zurik na ƙasar Siwizalan ranar 13 ga Janairun 1930, aka binne shi a Hampstead. Shi da matarsa Gertrude Ince, wadda ya aura a 1888, sun haifi 'ya'ya bakwai. Wani sashe na wayar tasa ta takarda ya ci gaba da aiki har 1933, kuma akwai wani ɗan lambu a Deptford da aka sa wa sunansa.

To, ina ruwanmu da wannan labari? Fulogin nan mai ƙafa uku da ake amfani da shi a Birtaniya da Nijeriya da Gana, wanda aka fito da shi a 1947, yana ɗauke da dabarun nan biyu: doguwar ƙafar ta sama ita ce ta ƙasa, a cikinsa kuma akwai ɗan fiyus, galibi mai amfiya 13 ko 3. Haka abin yake a mota, haka kuma ya kamata ya kasance kusa da batirin sola, domin batir ko da ƙaramin bolt ne yana iya mayar da waya garwashi idan bakunansa suka haɗu. An yi fiyus ne da gangan ya zama mafi rauni a layin, ya mutu domin sauran su tsira.

Abin takaici shi ne yadda a gidajenmu da shagunanmu, daga Kano har zangunan Kumasi da Akara, idan fiyus ya ƙone sai a nemo waya mai kauri ko takardar sigari a cusa, a tura tsirarar waya cikin soket da tsinken ashana, ko a ƙi haɗa wayar ƙasa don a rage kuɗin mai wayarin. Wanda ya yi haka ya mayar da rauni daga fiyus zuwa wayar da ke cikin silin ɗinsa, kuma ita ce za ta yi zafi cikin dare sa'ad da kowa ke barci. Fiyus da ya ƙone sau biyu a jere yana sanar da mu ne akwai ɓaraka a wani wuri, sai a kira ƙwararre ya duba, a kuma maye shi da mai lamba irin tasa. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kare mu daga gobara, mu da dukiyoyinmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.