Galadima Yusufu Maje Garko

Mutanen kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, sun gaji labarin harin Ningawa daga kakanninsu. Yau muna so mu kawo tarihin wani ɗan sarki wanda ya yi suna wajen tsare ƙasar nan, amma daga baya takobinsa ya juya kan birnin ubansa. Shi ne Yusufu, ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, jikan Ibrahim Dabo.

Asalin fitinar Ningi kuwa daga cikin gida ta fito. Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza, ya tashi daga Tsakuwa ta ƙasar Kano shi da jama'arsa saboda rigimar haraji. Suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa. Kafin a jima sun zama runduna, suna kai hari ƙasashen Kano da Bauchi da Zazzau, suna ƙone garuruwa, suna kwashe mutane da dabbobi. Sa'ad da Abdullahi ya hau gadon sarauta a 1855, shugabansu Ɗan Maje ya riga ya zama abin tsoro ga manoma da fatake.

A cikin wannan yaƙi ne Yusufu ya tashi. Ya yi fice wajen karo da Ningawa, barade suka so shi, uban kuma ya naɗa shi Galadima, watau ɗaya daga manyan sarautun Kano. To, amma Abdullahi sarki ne mai tsanani, ba ya barin wani hakimi ya yi ƙarfin da ya wuce kima, ya kuwa tuɓe da yawa daga cikinsu. Abin da masu tarihi suka kawo shi ne, wata takarda ta fita daga gidan Yusufu zuwa Sakkwato, tana nuna sarki ya tsufa, ya kamata a ba ɗan mulki. Da labari ya zo kunnen Abdullahi sai ya tuɓe shi, aka karɓe dukiyarsa. Jarumin da ake bukata a bakin iyaka ya koma zaman gida cikin talauci, alhali mahara ba su daina fitowa ba.

Da Abdullahi ya rasu a Karofi kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, aka naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Bello. Bello ya bi 'ya'yan Abdullahi yana raba su da sarautunsu, ya ba ɗansa Tukur sarautar Galadima. Ta haka gari ya cika da 'yan sarki da barade waɗanda suka san yaƙi, ba su da muƙami, zuciyarsu kuma cike da haushi.

Bello ya rasu a ƙarshen 1893. Jama'a da yawa sun ɗauka Yusufu za a ba, amma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya zaɓi Tukur, saboda bajintar da ya nuna masa a yaƙin Argungu. Waziri Buhari, wanda yake Kano a lokacin, ya zartar da umarni. Yusufu ya fita daga birni tare da 'yan'uwansa da bayin gidansu, ya sauka a Takai, garin da ke fuskar Ningi. Nan aka fara Yaƙin Basasa. Abin takaici shi ne, Yusufawa har suka nemi gudummawar Ningawa, mutanen da shugabansu ya ƙare ƙuruciyarsa yana yaƙa.

Allah bai nufa ya shiga Kano da sarauta ba. Ya rasu a Garko cikin 1894, shi ya sa ake ce masa Maje Garko. Kafin ya cika ya nuna ƙanensa Aliyu Babba, wanda mahaifiyarsa 'yar gidan Sarkin Musulmi ce. Aliyu ya ci birni a wannan shekara, Tukur ya gudu ƙasar Katsina, aka kashe shi a Tafashiya a 1895. Garuruwa sun ƙone, an kashe mutane masu yawa, an sayar da 'ya'ya kamar bayi. Shekara takwas bayan haka, cikin Fabrairu 1903, rundunar Turawa ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, ta ci Kano.

Ba mu wanke Yusufu daga alhakin jinin da aka zubar ba, ba mu kuma wanke waɗanda suka wulakanta shi ba. Sarki yana da hakkin ya ja linzamin mayaƙansa, gama runduna in ta fi ƙarfin mai mulki ƙasa ba ta zama lafiya. Amma tilas a yi shi da bincike da adalci. Shi kuma mai takobi, ko an zalunce shi, ba a ba shi makami don neman gadon sarauta ba. Muna fata malaman makaranta, in sun zo wannan babi, za su nuna wa yara cewa sa'ad da fada da barade suka saɓa, talakan bakin iyaka ne ya fara shan wuya.