IMAMU MALIK DA ALMAJIRANSA

 Ya kai ɗan'uwa matashi, kana cewa kai ɗan Malikiyya ne, to ka san yadda shi Malik ɗin ya yi karatu, da yadda ya reni waɗanda suka zauna gabansa?

An haifi Malik ɗan Anas a Madina wajen shekara ta 93 bayan Hijira. Yana yaro mahaifiyarsa ta sa masa tufafi, ta naɗa masa rawani, ta aike shi wurin Rabi'a, ta yi masa gargaɗi ya fara ɗaukar ladabin malamin kafin iliminsa. Ya lizimci Ibnu Hurmuz shekaru bakwai ko takwas. Ya karɓi hadisi wurin Zuhuri, da kuma wurin Nafi'u, wanda bawa ne 'yantacce na Abdullahi ɗan Umar. Ka lura, Balaraben Madina ne yake jiran 'yantaccen bawa cikin rana don ya ji hadisi. Kuma bai zauna kujerar fatawa ba sai da malamai saba'in suka shaida ya cancanta. Yau kuwa yaro zai sauke ƙaramin littafi guda, gobe ka ji shi a lasifika yana halattawa yana haramtawa.

Da ya zama malami, in zai karantar da hadisi sai ya yi alwala, ya sa tufafi masu kyau, ya shafa turare. Galibi almajiri ne ke karantawa, shi yana saurare yana gyarawa. An ruwaito an taɓa yi masa tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga cikinsu, a gaban almajiransa. Wannan ma karatu ne ya ba su, don wanda ya ga malaminsa bai ji kunyar faɗin haka ba, shi ma ba zai ƙirƙiro wa addini abin da babu ba.

Dubi Shafi'i. Ya zo daga Makka yana saurayi, maraya, ba shi da komai, amma ya haddace Muwaɗɗa. Malik ya dube shi, ya hore shi da tsoron Allah da nisantar saɓo, ya gaya masa zai zama wani abu. Shafi'i ya fara karatu da ka, in ya so tsayawa don kwarjinin malam, sai Malik ya ce ya ci gaba. Daga baya Shafi'i ya saɓa wa malaminsa a mas'aloli da dama bisa hujja, bai kuma daina girmama shi ba. Ashe malamin ƙwarai ba ya renon almajiri don ya zama ɗan amshin shata.

Akwai kuma Yahaya ɗan Yahaya, mutumin Andalus. An ce wata rana aka shigo da giwa Madina, almajirai suka watse kallo, shi kaɗai ya zauna, don ilimi ya kawo shi. Malik ya yaba hankalinsa. Muwaɗɗar da aka fi karantawa a zaurukanmu ruwayarsa ce. Ibnul Ƙasim, mutumin Masar, ya yi kamar shekara 20 tare da Malik. Daga gare shi Sahnunu na Ƙairawan ya tattara Mudawwana, kuma a garin nan ne Ibnu Abi Zaidi ya rubuta Risala da kake biya wa malaminka. Ta wannan hanya fiƙihun Madina ya ƙetaro hamada har ya iso ƙasar Hausa.

Bai sayar da karatu ga masu mulki ba. Halifa ya nemi a tilasta wa dukan Musulmi bin Muwaɗɗa, Malik ya ƙi, domin Sahabbai sun watsu cikin garuruwa, kowane gari da hadisan da suka iso masa. Gwamnan Madina ya sa an yi masa bulala har kafaɗarsa ta goce, saboda fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta bai saku ba, bai kuwa janye ba. Almajiransa suna gani.

Ya rasu a Madina shekara ta 179, aka binne shi a Baƙi'a. Allah Ya jiƙansa.