Dakta Subbarow: Mutumin Da Ya Faɗi Jarrabawa Sau Biyu

Mu 'yan Fagge, da zarar an ambaci Indiya, ba abin da ke faɗo mana a rai sai fim da rawa da waƙa. Ni ma haka nake, har ran da malaminmu na kimiyya ya ba mu labarin wani Ba'indiye mai suna Yellapragada Subbarow. A lokacin na faɗi jarrabawar zango, ina ta saƙe-saƙen in bar boko in bi yayana kasuwa. Tarihin mutumin nan ne ya hana ni, shi ya sa na ga ya kamata in kawo shi ga 'yan'uwana ɗalibai.

An haife shi a garin Bhimavaram na kudancin Indiya a 1895, a gidan talakawa. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar fita sakandare, sai a karo na uku ya ci. Daga bisani ya shiga makarantar likitanci ta Madras. A can ya riƙa sa tufafin saƙin gida don goyon bayan Gandhi, abin da ya ɓata wa wani malaminsa Bature rai, har aka ba shi ƙaramar takardar shaida maimakon cikakken digiri. Bai karaya ba. Ya tafi Jami'ar Harvard ta Amurka, da rana karatu, da dare aikin leburanci a asibiti.

A nan ya haɗu da wani masani, Cyrus Fiske, suka duƙufa kan binciken tsoka. A 1929 suka gano sinadarin da ake kira ATP. A shekarar ce kuma wani Bajamushe, Karl Lohmann, ya gano shi a nasa gefen.

To, mene ne ATP? Ku dubi ɗan dako ya ɗauko dilar atamfa daga Kantin Kwari, yana ratsa Fagge zai kai Sabon Gari. Mukan ce ƙarfin tuwo ne. Gaskiya ne, amma tsoka ba ta iya kashe tuwo kai tsaye, kamar yadda ba ka sayen goro ɗaya da babbar takardar kuɗi sai ka nemi canji. Canjin nan shi ne ATP. Yana da ƙullin fosfet uku a jere. Idan tsoka za ta motsa, sai na ƙarshe ya ɓalle, ƙarfi ya fito, abin da ya rage ya zama ADP. Daga nan ƙwayoyin jiki su ƙona abinci da iskar da muke shaƙa, su mayar da ƙullin inda yake. Kaɗan ne jiki ke ajiyewa, amma saboda wannan juyi, a yini guda mutum yakan sarrafa ATP da ya kai kusan nauyin jikinsa. Ba tsoka kaɗai ba, har tunanin da muke yi a ɗakin jarrabawa da shi muke biya.

Duk da wannan aiki, Harvard ba ta ba shi kujerar dindindin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! A 1940 ya koma kamfanin magunguna na Lederle. Shi da abokan aikinsa suka samo hanyar haɗa folik asid, irin wanda ake ba mata masu ciki a wajen awo. Suka fito da Hetrazan, maganin tsutsar da ke kawo tundurmi, da kuma maganin sankarar jini ta yara. A ƙarƙashin jagorancinsa ne aka gano Aureomycin, farkon dangin kafson nan na tetracycline da kowa ya sani. Ya rasu cikin watan Agusta 1948 yana da shekara 53, bai taɓa samun lambar Nobel ba.

Yanzu duk lokacin da na gifta ɗan dako a hanyar Sabon Gari, sai in tuna da shi. Da ya zauna a gida bayan faɗuwa ta biyu, da an yi babbar asara. Ni sau ɗaya kawai na faɗi, don haka na koma na buɗe littattafaina. 'Yan'uwa, duk wanda ya faɗi bana, ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Allah ya ba mu sa'a, amin.