Shehu Muhammadu al-Kashinawi, Masanin Hisabi

Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace malamin ƙasar Katsina ne. Ya yi hajji, sa'an nan ya zauna Alƙahira. Cikin littafinsa Bahjatul Afaƙi ya bayyana ƙa'idar jera adadi a hatimi mai gidaje wutiri. Misali, hatimin tara sau tara: daga 1 zuwa 81 jimla 3321 ce, kowane sahu 369, a tsaye, a kwance ko a karkace. Masu kwafar hatimi a zaurukanmu, kaɗan ne suka san wannan hisabi. Ya rasu a 1741, a gidan Shehu Hasanul Jabarti, ya bar masa littattafansa. Allah Ya jiƙansa, amin.