TARIHIN MARIGAYI CONRAD WADDINGTON, MASANIN ILMIN HALITTA

An haifi Conrad Hal Waddington a garin Evesham ta ƙasar Ingila ran 8 ga watan Nuwamba, 1905. Mahaifinsa manomin ganyen shayi ne a kudancin Indiya, can kuwa ya yi farkon ƙuruciyarsa kafin a mai da shi gida wajen dangi. Ya shiga Jami'ar Kembirij inda ya karanta ilmin duwatsu, ya sami digiri cikin 1926, amma daga baya hankalinsa ya koma kan yadda ɗan tsako ke ginuwa a cikin ƙwai.

Nan ne ya gamu da tambayar da ya yi ta bi har ƙarshen rayuwarsa. Jikin mutum duka daga ƙwayar halitta guda ya faro, kuma kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da gado iri ɗaya daga uwa da uba. To, me ya sa wata ta zama fata, wata ƙashi, wata kuwa jini? Cikin 1942 ya raɗa wa wannan fanni sunan efijenetik, watau binciken yadda ake sarrafa ƙwayoyin gado, a buɗe wasu a rufe wasu.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin bincike da mayaƙan saman Ingila masu farautar jiragen ruwan Jamus masu nutso. Da yaƙi ya ƙare, cikin 1947, aka naɗa shi Shehun Malami a Jami'ar Edinbara ta Sikotlan. A wani littafinsa na 1957 ya kawo misalin da ya fi shahara da shi: ya kamanta ƙwayar halitta da ƙwallo mai gangarowa daga kan tudu, hanya tana rarrabuwa kwari-kwari, duk kwarin da ta shiga shi ne makomarta.

A zamaninsa ba kowa ya ba wannan ra'ayi muhimmanci ba, domin tun da aka gano fasalin sinadarin gado, watau DNA, cikin 1953, galibin masana can suka karkata. Waddington ya rasu a Edinbara ran 26 ga watan Satumba, 1975, yana da shekara 69, bai ga inda maganarsa za ta kai ba.

Shi dai marigayin bai yi aiki kan jini ba, amma a jinin ne misalinsa ya fi fitowa fili. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin asali, su ne a kan tudu, daga gare su jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu daskarar da jini ke samuwa kullum. Abin da ke shiryar da su wasu 'yan alamomi ne da ake ɗigawa a jikin DNA, kamar yadda wasali ke gyara karatu ba tare da an canja baƙi ba. Wata ƙwayar gado mai suna DNMT3A ita ke sa alamomin, wata kuma, TET2, tana taimakawa wajen share su.

Cikin 2009 da 2010 masana suka tarar waɗannan biyun suna lalacewa a jikin masu sankarar jini, ta farkon ma a wajen kashi ɗaya cikin biyar na masu wani irin sankarar ɓargo mai saurin kisa. Idan haka ta faru, ƙwayar asali ba ta ƙarasa gangarowa, sai ta yi ta hayayyafa ba ta nuna ba, har ta cika ɓargo. Daɗin daɗawa, cikin 2014 an gano cewa wajen mutum ɗaya cikin goma na waɗanda suka haura shekara 70 suna da irin wannan canji a jininsu, ko da yake kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu cutar ke kamawa.

Da yake alama tana gyaruwa, likitoci sun sami kafar magani. Tun 2004 aka amince a Amurka da wani magani mai suna azasitidin, wanda ke rage waɗannan alamomi, ana ba masu ciwon ɓargo da ke iya rikiɗa ya zama sankara. Ba ya warkarwa ɗungum, amma yana ƙara wa da yawa kwana, kuma sunan fannin da ke binciken waɗannan alamomi har yau shi ne wanda Waddington ya raɗa.